Hannun Ishiyaku Direba

Kowa a tashar Rano ya san Ishiyaku, direban bas mai jigila zuwa Kano. Da hannun hagu yake tuƙi, na dama kuwa na nuni ne, don ba ya iya magana sai da shi.

Wata damina, a kan hanyar Kibiya, tayarsa ta yi faci. Yana cikin canzawa jak ya goce, ƙarfe ya tsage masa dantsen dama, jini ya ɓalle. Wata fasinja ta cire ɗankwalinta ta ɗaure hannun tamau, aka garzaya da shi wani asibiti a Kano, aka ɗinke jijiyar jinin da ta yanke.

Da ya farfaɗo sai ya ga hannun ya kumbura suntum. Ya ce wa likitar, Dakta Bushra, "Likita, ba kin ce jini ya dawo ba? To rigimar mece ce kuma?"

Ta ce, "Malam Ishiyaku, jijiyar da ta daɗe ba jini, dawowarsa ma wahala ce gare ta. Amma cikin jijiya akwai mai taimako, naitirik oksaid. Yana sa ta saki jiki ta buɗe, yana rage wa jini maƙalewa a bangonta. Masana na ta binciken iya kariyar da yake bayarwa."

"Allah ya saka masa. Yana nan asibitin? In gaishe shi."

Dakta Bushra ta yi dariya har ta dafa gado. "Iska ce, Malam. Jikinka ne ke yin ta."

"Iska?" Ishiyaku ya zaro ido. "A'uzubillahi! A jikina?"

Da ƙyar ta fahimtar da shi ba ta aljanu take nufi ba. Ta ce idan ya warke ya riƙa tafiya da ƙafa, ya yawaita cin ganye, ya kuma rabu da sigari, don jikinsa ya riƙa yin iskar sosai.

Matarsa Ramlatu na gefe, kuma ba abin da ya wuce ta. Tun da suka koma gida Madachi, alayyafo ya zama ɗan gida: a miya, a fate, har cikin wake. Kwalin sigarin kuwa ya yi ɓatan dabo.

"Ramlatu, ni akuya ne?"

"A'a, maigida. Umarnin likita ne. Ƙara loma."

Hannun ya warke, sai ƙaramin yatsa da ya ƙi lanƙwasuwa. Ishiyaku ya koma tuƙi bayan girbi. Yanzu nesa da gida yake ajiye motar da gangan, ya taka sauran. Tumbinsa ya ragu, har ya kai wa tela wandunansa. Ramlatu ta ce ta yi sabon ango, shi kuma ya ce ya ji, amma don Allah ranar Juma'a a saka nama a miyar.