Gemun Kakannin Ɗan Rasha

Wautata ce ta sa na ɗauka duk mai gemu ɗan'uwana ne. Muna gadin wani bene a Manhattan da wani ɗan Rasha, gemunsa har ƙirji. Ya ce kakanninsa hakimai ne, kuma wani sarkinsu ya taɓa tara su ya datse musu gemu da hannunsa. Ni da ban san inda Rasha take ba, na taya shi tsine wa sarkin, har wake da shinkafa nake kawo masa daga Bronx.

Ranar da ya zama shugabanmu, sai ga shi fuska fes kamar ƙwai. Ya miƙo min reza, ko in aske ko in bar aiki. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, ai su ma kakannin nawa askewa suka yi."