Tambayar da Aka Yi wa Inna a Biron Biza

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har ɗalibaina na dā nakan gamu da su a kasuwar Gure in rasa sunansu. Amma ranar da na kai mahaifiyata biro, wato ofishin ƙarin biza, ita kam da ita za a binne ni. Har yau idan na ji an buga hatimi a kan tebur sai gabana ya faɗi.

Ni ƴar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Gure aka kai wa yayar mahaifiyata a Damagaram, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita nake kira Mama. Ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, da aka nemi takardar haihuwa kuma sunanta ta bayar a matsayin uwa. Ba wanda ya ga laifin haka, ai ita ke riƙo. Wadda ta haife ni kuwa Inna nake ce mata, kamar yadda ƙannena ke faɗa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce, ta gada daga uwarta. Idan na zo hutu sai in ji ta ce, “Ku miƙa wa Ta Yaya tuwo.” Ƙannena tana kiran sunansu, tana yi musu faɗa, tana jifansu da mahuci. Wallahi har kishin faɗan nan nake yi.

Na girma, na zama malamar lakwal, aka turo ni Gure, na yi aure a nan. Mama ta rasu. Daga baya ciwo ya kama Inna, ciwon daji a nono, ta ɓoye shi har sai da ya ƙi ɓoyuwa. Daga likitar Gure aka tura mu Damagaram, daga can Yamai, a Yamai aka ce in da hali a fita da ita waje. Ƙanena mai bi mini ya kusa kwashe rumfarsa, aka sayar da awakin Inna da ke kiwo a Kelle, dangi suka kawo abin da ya sawwaƙa. Ni aka zaɓa in raka ta, don ni kaɗai ce mace a cikinmu, kuma ina jin Faransanci.

A can muka kama ɗaki a gidan wata Hajiya ƴar Damagaram, wadda ta daɗe a ƙasar har harshensu ya zauna a bakinta. A ɗakin nan na fara sanin uwata. Ni ke yi mata wanka, ni ke riƙe mata roba idan maganin ya tayar mata da zuciya. Da gashinta ya soma zuba, ni nake tattarawa daga kan matashi in ɓoye kafin ta gani. Tana barina in yi duk wannan, amma ba ta haɗa ido da ni. In tana son ruwa sai ta ce, “Ke.” Wani lokaci ma bango take gaya wa: “Da za a samu ruwa.” Ni da bakina ba ya shiru nakan ce, “Inna, bangon ya ce ba shi da hannu.” Sai ta yi murmushi ta kau da kai.

Maganin ya soma karɓarta, amma lokotoro, likitan da ke duba ta, ya ce sai an ƙara watanni. Bizar da muka shigo da ita kuwa ta kusa ƙarewa. Na je na yi tambaya, aka zayyano mini dokoki kamar karatun allo. Dole a nemi ƙari tun biza ba ta mutu ba. Kuɗin ƙarin a gaba ake biya, na mai jinya ya fi na maras lafiya tsada, kuma ko an ba ka ko an hana ka ba ya dawowa. Wanda aka hana sai ya fita kafin wa'adi, in ya wuce akwai tara kowace rana, ga hanin sake shigowa. Ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a wuya: maras lafiya takardar lokotoro ta ishe shi, amma mai jinya ba a ƙara masa dogon zama sai in miji ne, ko mata, ko ɗa, ko mahaifi.

Na biya, na kai takardunmu. Matar da ke karɓa ta duba takardar haihuwata, ta duba fasfon Inna, ta ce sunan uwa bai zo ɗaya ba. Na yi mata bayanin riƙo har yawuna ya bushe. Ba muguwa ba ce, ta saurare ni. Ta ce doka ta bar ƙofa ɗaya: maras lafiyar ta zo da kanta gaban babbansu, ta shaida da bakinta cewa ita ta haife ni, a rubuta, ta dangwala hannu. Na fito ina hamdala, don a ganina abin ya zo da sauƙi.

Da na koma, bayan la'asar, na zauna kusa da Inna na ce, “Gobe za a tambaye ki ko ke kika haife ni. I kawai za ki ce.” Tana jan carbi ta ce, “To.” Hajiya ta ja ni tsakar gida ta ce, “Malama, wannan to ɗin ban yarda da shi ba. Ki sake yi mata magana.” Na ce haba Hajiya, rai fa ake magana, wace kunya kuma a ƙasar mutane inda ba wanda ya san mu? Ashe ni ce ban san uwata ba.

Biron babban zaure ne, cike da baƙi daga ko'ina, kowa rungume da takardunsa. Ba ɗaki aka shigar da mu ba, a gaban tebur aka tsayar da mu, mutane na bayanmu a kan benci. Cikinsu har da wasu dattawa biyu masu jin Hausa, waɗanda muka gaisa da su a layi. Aka ba Inna kujera. Babban ya ce ni in koma gefe, tunda maganata ake yi ba zan yi tafinta ba. Hajiya ce za ta yi, bayan ta yi alkawarin faɗin abin da ta ji ba ƙari ba ragi.

Ya nuna ni da alƙalami ya yi tambayarsa. Hajiya ta sunkuya ta ce, “Inna, ya ce wannan ƴarki ce? Ke kika haife ta?”

Na ga Inna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ta dubi ƙasa. Can ta ce a hankali, “Ta Yaya ce.”

Hajiya ba ta fassara ba. Ta sake matsawa ta ce, “Inna, don girman Allah. I za ki ce.” Mutumin ya lura, ya ce a gaya masa abin da tsohuwar ta faɗa. Hajiya ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta faɗa masa. Ya duba takardar, ya ga sunan yayar ne a wurin uwa, magana ta zo daidai da rubutu. Duk da haka ya sake ba ta dama. Ya ce ta dubi matar nan da ke tsaye ta amsa da kai kawai, i ko a'a. Inna ba ta taɓa kallona a gaban mutane ba, ranar ma ba ta fara ba. Ta juyar da fuskarta wajen bango.

Na yi magana, na ɗaga murya, na yi ta zuba Faransanci ina bayanin al'adarmu. Ya ce ya ji, kuma ya yi mini baƙin ciki, amma shi abin da aka shaida a gabansa yake rubutawa. Ya buga hatimi a fasfon Inna, an ƙara mata. Ya buga wani a takardata, an hana.

Muka hau taksi muka yi nisa. Zuciyata na tafasa na ce, “Inna, kalma ɗaya fa. Ɗaya tak.” Ta ce, “Mutane sun yi yawa.” Da muka kusa gida ta ƙara, kamar da kanta take magana, “Su ba su da ido ne? Ba su ga kama ba?” Nan kuka ya ƙwace mini. Iyakar abin da ta taɓa faɗa a gabana ke nan da ya yi kusa da cewa ni tata ce.

Na yi ta zarya a kwanakin da suka rage, daga wannan tebur zuwa wancan, kowa na cewa an rufe maganar. Na so in zauna ko da tara, Hajiya ta ce in aka kama ni har ita mai masauki abin zai shafa, kuma kuɗin tarar na maganin Inna ne zan ci. Aka yanke ƙanena ya nemi biza ya zo, tunda shi sunan Inna ne a takardarsa, Hajiya kuma ta riƙe ta kafin ya iso. Ranar tafiyata da safe na tarar Inna ta lallaɓa ta ninke mini kayana da kanta, ita da ko kofi ba ta iya ɗagawa sosai. Na durƙusa na yi mata sallama. Ta ɗora hannu a kaina, tana kallon ƙofa, ta ce, “A gai da yara. Allah ya yi albarka.” Na jira ko akwai saura. Babu.

Bizar ƙanena ta ɗauki lokaci. Kafin ya isa ciwon ya juyo da ƙarfi, ya same ta ba ta magana. A can aka yi mata sutura, a ƙasar da ban san ko zan sake takawa ba. Na yi zaman makoki a Gure da baƙin ciki iri biyu, na rashinta da na tunanin cewa ta zaɓi kunyarta a kaina. Wannan na biyun ban gaya wa kowa ba, na dai riƙe shi a ciki yana cina.

Shekara ta zagayo Hajiya ta zo gida bikin dangi a Damagaram, ta hau mota musamman ta iso Gure yi mana gaisuwa. Bayan mutane sun watse ta ce in zo akwai amanar da za ta sauke. Muka zauna a ɗakin Inna, kan tabarmarta.

Ta ce washegarin tafiyata Inna ta tashe ta da sassafe ta ce a mai da ita wurin mutumin nan mai hatimi. Hajiya ta ce mata aikin gama ya gama, jirgi ya riga ya tafi da ni. Inna ta ce ita dai a kai ta. Suka je, suka bi layi, zauren ma ya fi na ranar cika. Da aka zo kansu Inna ta ƙi zama a kujera. Ta dafa tebur ta tsaya, ta sauke mayafin daga fuskarta.

“Malama,” in ji Hajiya, “da ƙarfi ta faɗa, har na bayanmu suka ji. Ta ce, ‘Ku gaya masa ni na haife ta. Ƴata ce, ita ce ta fari. Ni na yi naƙudarta kwana da yini a ɗakin uwata.’ Sannan ta faɗi sunanki. Sau biyu ta faɗa, wai don ya rubuta daidai.”

Na ce, “Shi me ya ce?”

“Ya ce an rufe takardar, sai dai ki sake nema daga gida idan wa'adi ya cika. Ita kuwa da muka fito ta riƙe hannuna ta ce kada in kuskura in gaya miki tana raye.”

Ban san lokacin da na kife a kan tabarmar ba. Shekara arba'in da wani abu ina jiran in ji yadda sunana yake a bakin uwata, sai ga shi wani baƙo mai hatimi ne ya ji, shi da ko ma'anarsa bai sani ba. Na roƙi Hajiya ta maimaita mini yadda ta faɗe shi, inda ta ja da inda ta sauke murya. Ta gwada iyakar ƙoƙarinta, amma muryar Hajiya ce.

Ban riƙe Inna da komai ba yanzu. Yadda aka rene ta ke nan, kuma a wurinta kunyar nan ita ce ƙaunar. Mutumin biron ma ban riƙe shi ba, dokarsa ba ta san riƙo ba, ba ta san kunya ba. Abin da na koya shi ne, maganar da ke cikin zuciya tana da wa'adi kamar biza, in ya wuce ko ka faɗe ta da ƙarfi ba ta isa inda ka nufa. Duk mai shirin raka maras lafiya waje nakan ce masa ya duba takardunsa tun daga gida. Amma babban darasin a gidana na ajiye shi.

Ina da ƴar fari, ta zama budurwa yanzu. Tun kafin ciwon Inna ma, da dangin mijina suka zo ɗaukarta bayan yaye na ce ba inda za ta. Yanzu kuwa kullum da yamma nakan tsaya a ƙofar gida in ƙwala mata kira da sunanta na yanka, har maƙwabta su ji. Tsofaffin unguwa sukan riƙe baki su ce, “Malama, ke ko kunya babu?” Nakan ce musu akwai, na dai san abin da ta ci mini. Yarinyar takan fito tana ƙunƙuni ta ce, “Umma, ai ina kusa, me za a yi?” Sau da yawa ba ni da aiken da zan yi mata. Sai in ce ba komai, ki koma.