Fiton Maharbin Tsafe

Haƙorana sun zube, idona ya yi rauni, wani lokaci ma sunayen jikokina sai an tuna mini. Amma akwai wani yini da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina, wato yinin da muka yi gasar harbin baka a bakin gulbin Gusau.

A lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, sai dai labarinsa. Ni kuwa ina cikin ƙarfina, ban daɗe da yin aure ba, muna noma tare da mahaifina a wani ƙauye kusa da Kekun Waje, a ƙasar Bungudu. Ita wannan gasa ba tsohuwar al'ada ba ce. A zamanin iyayenmu ba a ɗana kibiya don wasa, sai don nama ko don yaƙi. Da hare-hare suka ƙare bayan zuwan Turawa, sai bakuna suka koma rataye a ɗakuna, tsirkiya tana bushewa. Tsofaffin 'yan baka suka ga sana'ar za ta mutu tare da su, shi ne suka shirya cewa duk bayan an kai amfanin gona gida, samari su taru su gwada hannu. Doka ɗaya ce babba: kibiya mai dafi ba ta shiga fili.

Babana ba ya harbi kuma, amma shi ya koya mini. Tun da na yi wayo na san shi da ɗingishi. Wata kibiya ce ta same shi a cinya a wani hari da mutanen wajen Tsafe suka kawo, yana kan hanyar dawowa daga Mada. Ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan tabo. Ko baƙo aka yi sai ya ɗage wando ya nuna masa, ya ce, "Kibiyar Tsafe ta shige ni da dafinta, na kwana, na tashi, na sha fura." Ya ce wani sassaƙe ne da kakanmu ya jiƙa masa ya karya dafin, kuma ba wanda ya taɓa gaya wa sunan icen. Wani abu kuma da yakan ƙara shi ne, kafin kibiyar ta iso ya ji maharbin ya yi wani gajeren fito, kamar kukan tsuntsu. In ya zo nan a labarin, fara'arsa takan ɗauke.

Ranar gasar fili ya cika. Ga mutanen Bungudu, ga na Tsafe, ga na Mada, ga Fulani da suka bar shanu a hannun ƙanne suka zo kallo. Makaɗan maharba suna ta kaɗa komo, mata suna sayar da fura da ƙosai. An ɗaure wani farin rago a gindin tsamiya, shi ne kyautar wanda ya ci. Sarkin Baka, wato shugaban maharban garin, ya sa aka rataye faifai a jikin kuka. Wanda ya kuskure ya fita, waɗanda suka samu a ƙara ja da su baya. Haka muka yi ta raguwa, har da la'asar ya zama saura ni da wani saurayi ɗan Tsafe, dogo, siriri, bahago, mai yawan murmushi.

Aka sauke faifai, aka rataye ɗan ƙaramin gora da igiya, aka kaɗa shi yana lilo. Duk yinin Baba yana can nesa a inuwa tare da dattawa, sai yanzu ya taso ya tsaya a bayana. Saurayin ne zai fara. Ya ɗana kibiya, ya ja tsirkiya, sai ya yi wani gajeren fito. Ni na sha jin fiton tun safe ban kula ba. Baba kuwa ya ɗaga sandarsa.

"Dakata, yaro. Wa ya koya maka wanga fito?"

Saurayin ya sauke baka, ya russuna, ya ce, "Babana, Baba. Ga shi can."

Wani tsoho ya miƙe daga cikin mutanen Tsafe, ya tako a hankali. Baba ya ɗage wandonsa, amma ba irin yadda ya saba ba. Ya ce, "Ka san wanga tabo?"

Kiɗa ya tsaya. Na ga samarinmu suna matsowa, na Tsafe ma suna matsowa. Kowa ya san kwaruruwan farauta suna jingine a bayan tsamiya, kuma kibiyoyin da ke ciki masu dafi ne, ba na wasa ba. Ni kaina na ji hannuna ya ƙanƙame baka. Sarkin Baka ya shiga tsakani, amma tsohon ya ce, "Bar shi, Sarki, yana da hakkin tambaya." Ya durƙusa ya dubi tabon, ya daɗe, sannan ya ce, "Hanyar Mada, kusa da wata gonar dawa. Aikina ne."

"To ga ni ban mutu ba," in ji Baba. "Dafinka bai ci ni ba."

"Malam, ai babu dafi a jikinta."

Tsohon ya ci gaba, ya ce, "Jagoranmu ya ce in kayar da kai. In na ƙi, ni za a kayar. Na duba na ga kana gudu da yaro a kafaɗa, ya riƙe maka kunnuwa. Sai na zaro wadda nake harbin zabi da ita, na sauke hannu ƙasa. Da ka faɗa cikin dawa, na ce musu su bar ka, dafi zai ƙarasa. Tun ranar nake tambayar kaina ko yaron nan ya rayu."

A duk labaran Baba bai taɓa ambaton yaro ba. Ya juyo ya dube ni, ya kama kafaɗata ya tura ni gaba. Ya ce, "Ga shi nan. Shi ke neman raba ɗanka da rago."

Tsohon ya riƙe hannuwana biyu yana kallona, idanunsa suka kawo ruwa. Sai wani aminin Baba daga baya ya ce, "To, Malam, shi sassaƙen nan fa?" Dariya ta ɓarke. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa, ya yi ta dariya har sai da ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Ya ce, "Shekaru ina ɓoye sunan icen nan, ashe ko ruwan rijiya na sha da na tashi."

Sarkin Baka ya ce tunda tsofaffi ne suka tsayar da gasa, su za su buɗe ta. Aka ba kowannensu baka. Kibiyar Baba ta faɗi tun ba ta kai rabin hanya ba, ta tsohon kuwa ta wuce kuka ta nufi gulbi. Makaɗa suka yi ta yi musu kirari kamar sun kashe giwa. Daga nan saurayin ya harba, goran ya tarwatse. Aka rataye wani domina. Idona bai gama bushewa ba, na kuskure da nisa. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba.

Ragon bai je Tsafe ba. Washegari uban da ɗan suka biyo mu da shi har gida, suka ce Innata za su gaisar. Aka yanka, aka ci da maƙwabta. Daga nan duk kaka sai sun zo ko mun je, har tsofaffin biyu suka rasu, mu kuma muka ɗora.

Abin da na koya a ranar shi ne, kada ka yanke wa mutum hukunci da ciwon da ya ji maka kawai, don ba ka san abin da ya kawar maka ba. Da Baba bai tsaya ya yi tambaya ba, da wataƙila na harbi ɗan mutumin da ya bar ni da rai. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da tsohon fushi, nakan ce masa ya je ya tambaya tukuna.