Ƙullin Ganyen Zamfira

Gavrila makiyayin tumaki ne tun yana saurayi, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Maramuresh. Kan tumaki babu abin da bai sani ba, amma a madafa ko ruwa bai iya tafasawa ba. Da yamma zai gangaro, ya rataye hularsa a ƙusa, ya tarar da miyar wake da tuwon masara suna jiransa. Bai taɓa tambayar matarsa Zamfira abin da take jefawa a tukunya ba. Ya dai san tana ɗaure ganyaye da zare, in miya ta nuna ta janye ƙullin ta yar.

Da ta rasu, ta bar masa busassun ƙulle-ƙulle rataye a jikin azara. Yakan jefa ɗaya a tukunya, ya zauna ya lumshe ido. Tururi na tashi sai ya ji kamar tana bayansa, tana mitar taɓon da ya kwaso a takalmi. Haka ya yi ta yi har saura ɗaya tak. Nan fa tsoro ya kama shi, don in ya dafa wannan, ƙamshinta ya bar gidan ke nan.

Ya kai wa Paraskiva, maƙwabciyarsu kuma ƙawar marigayiya, ko za ta gane haɗin.

"Kai dai Gavrila, da furfurarka ba ka san faski ba?" in ji ta, tana warware zaren a hankali. "Ga seleri. Wannan kuma a bayan ɗakina ta tsinke shi, 'yar ɓarauniya, Allah ya jiƙanta."

Sai ta ɗago wani siririn reshe mai ƙananan furanni, ta juya shi. "Wannan kam ban san shi ba. Ba na lambu ba ne."

Gavrila ya karɓa ya shinshina. Take a zuci ya ga makiyayarsa can saman dutse, rana tsaka, tumaki na kwance, shi ma ya miƙe a kan wata ciyawa mai ƙamshi. Kullum in zai tashi yakan karyi reshenta ya soke a hula, haka kawai. Kullum kuma da safe sai ya tarar babu.

Duk shekarun nan, shi a zatonsa iska ce take ɗauke masa. Ashe Zamfira ce.

Washegari, duk da ciwon gwiwa, ya ɗauki sandarsa, ya sa hular, ya kama hanyar dutse.