Ruwan Tsamin Yaya Rakiya

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rakiya, amma har yau tukunyar ruwan tsaminta na nan a ƙuryar madafina.

Koko muke sayarwa a gidanmu na Zongo tun zamanin kaka. Kullum in an tace gasara, sai a rage ɗan ruwan tsami a zuba wa ta gobe. Mu dai haka muka tarar ana yi. Rakiya ce ta je jami'a ta dawo ta ce wasu ƙananan halittu ne a ciki, ido ba ya ganinsu, su ke kawo tsamin. Inna ta ce, "To, ki gaishe su."

Aikinta dariya ya riƙa ba ni. A ordinatarta, wato kwamfuta, ta ba kowace ƙwayar halittar lamba da wurin zama, tana bin su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta ci ta rabu biyu, waccan ta maƙale a gefe yunwa ta kashe ta. Na ce, "Yaya, ki ƙirga su a dunƙule mana ki huta." Ta ce, "In na dunƙule su, ina zan san wadda ke ciyar da maƙwabciyarta?" Sai ta tuna mini shekarar da aka rushe tsohuwar unguwarmu aka watsa mu. Yawanmu bai ragu ba, amma matar da ke miƙo wa Inna gishiri ta katanga ta koma can unguwar Pissy mai nisa. Daga ranar ban ƙara yi mata dariya ba.

Ordinatar ta daɗe da mutuwa, da duk ƙwayoyinta masu lamba. Na tukunya kawai suka rage, su kuwa in aka kwana uku ba a zuba musu sabuwar gasara ba, shi ke nan. Ɗiyata Hadiza garin koko na leda take saye, tana ce mini, "Mama, wannan wahalar se fini, zamaninta ya wuce." Nakan so in ji abin da Rakiya za ta ce mata. Wallahi ina kewarta, ita da wannan gardamar tata.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Da na samu na rarrafa zuwa madafi, sai na tarar da tukunyar tana kumfa, Hadiza na ɗauraye hannu.

Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Na gaishe su."