Kai Iya Gashuwa Aikin Ido

NGURU

Ana sallame sallar asuba muka hau keke napep zuwa tasha, ni da mahaifiyata Iya, wadda yanar ido ta rufe wa gani har ba ta bambance mutum da turmi. Labari ya zo mini a rumfata ta busasshen kifi cewa likitocin ido sun sauka Gashuwa, jibi za su tashi. Wai su kwashe yanar su sa gilashi a cikin idon. A ciki kuma? Na tambayi mutum uku, kowa da bayaninsa.

A shingen Jajimaji soja ya leƙo ya ce, "Mama, ina zuwa?"

"Tambayi Auta, ni kaya ce."

GASHUWA

Da hantsi muka isa asibitin. Ni ban taɓa sayen abin da ban gani ba, na ce a nuna mini gilashin. Ma'aikaciya ta ɗago wani abu kamar ɓawon ƙaramin kifi, ta ce ai roba ce ma. Na ƙara rikicewa.

Aka kira sunan Iya, ta ƙi tashi.

"In na mutu, wa zai cire mini shi? Da kayan Nasara za a binne ni?"

Layi na tafiya, ana tsallake mu. Na kira limamin unguwarmu, wayarsa a kashe. Na dubi ma'aikaciyar, ta ce ita ba malama ba ce. Sai wani tsoho ɗan Dapchi, idonsa guda a liƙe da auduga, ya ce, "Hajiya, haƙorin Makka da ke bakinki fa, wa zai cire?"

Iya ta taɓa haƙorin da harshe. "Kama ni, Auta."

Aka yi mata aikin, aka liƙe idon da auduga. Muka kwana gidan wani abokin cinikina, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na kasa ci. Da safe aka ɓare audugar. Ta yi ta ƙifta ido, ta wuce ni da kallo, tana neman wani.

"Iya, ga ni."

"Kai ne? Wannan furfurar ta yaushe ce?"

GIDA

La'asar ta yi mana a Nguru. Da kanta ta tsallake kwatar ƙofar gida, ta ture hannuna. An ce kada ta sunkuya, kada ruwa ya taɓa idon, ɗaya idon kuma sai wani zuwan. Har yau ban fahimci yadda robar ke zaune a ciki ba. Allah Ya saka wa likitocin da alheri, su da tsohon nan da ban ko tambayi sunansa ba.