Yadda Na Ci Yaƙin Duniya Ranar Kasuwar Bunkure

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, har da waɗanda ya kamata in riƙe. Amma ranar da na ci yaƙin duniya a wani shagon intanet a Kura, wannan kam ko na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bari ba. Ga furfura ta fara fito min, amma har yau in na gyara murya a taron gida sai wani ya ce, "A yi shiru, Janar zai yi magana."

Wajen ƙarshen shekarun dubu biyu ne. Na gama makaranta ina zaman jiran aiki, wanda a ƙauyenmu ma'anarsa kana bin yayanka gona. Yayana manomin rani ne, mutum marar yawan magana, irin wanda in ya ce maka "to" sai ka kwana kana tunanin wace irin "to" ce. Gonarmu tana can ƙarshen layi, wato sai manoman da ke sama sun sha ruwa sun ƙoshi sannan abin da ya rage ya gangaro mana. Bayan kwana biyar-biyar ake sako wa layinmu ruwa daga babban kanal, kuma a dokar Yaya, ranar ruwa ko suna ake yi a gidanku sai dai ka aika da gaisuwa.

A wannan shekarar ce wani ya buɗe shagon intanet a Kura. Kwamfuta huɗu ya zuba, uku suna aiki, ta huɗun kuma a kanta ake ajiye hula. Na fara zuwa da niyyar neman aiki, sai na ci karo da wani wasan yaƙi da ake yi da mutanen wasu ƙasashe. Taswirar duniya ce aka yanka yanki-yanki, ku shida, kowa da launin sojojinsa. In ka kai wa maƙwabcinka hari, kwamfuta za ta jefa muku ɗan lido, wanda lambarsa ta fi girma ya kashe sojan ɗayan. Kowa yana da awa ashirin da huɗu ya yi nasa wasan, in ya wuce a tsallake shi. Wanda ya share kowa daga taswira shi ya ci. Neman aiki dai a nan ya tsaya.

Ba yabon kai ba, na iya wasan. Na gano cewa ba a buɗe yaƙi ta fuska biyu, ba a kai hari sai sojojinka sun ninka na abokin gaba, kuma wanda ya kama lungu mai ƙofa ɗaya ya zauna ya yi haƙuri, shi ke binne masu gaggawa. Sunana ya yi ta hawa a jerin 'yan wasa. Mai shagon ne ya laƙaba min Janar, kuma kullum sai mun yi musu da shi.

"Janar, ka daina wahalar da kanka," yakan ce. "Abin da ake jefa ɗan lido a ciki, ina ruwansa da ƙwaƙwalwa? Sa'a ta fi manyan kaya."

Ni kuma in ce masa jifa ɗaya ce sa'a, jifa ɗari kuwa lissafi ne. In ka ga mutum yana ci yau yana ci gobe, ba ɗan lido ne ke son sa ba, kansa ne ke ja. Har takarda nake ɗauka in zana masa. In na ci, in ce ya gani ko? In aka cinye ni, in ce yau ɗan lidon ne ya yi gardama. A lokacin ban ga wani abin dubawa a cikin wannan tsari nawa ba.

Sai aka shirya gasa, na yi ta tsallakewa har na kai wasan ƙarshe. Muka yi kwanaki muna gwabzawa, aka share uku, muka rage mu uku: ni mai kore, wani mai ja daga wata ƙasa mai sanyi, da wani mai shuɗi da ya rage sai numfashi. Daidai lokacin ne Yaya ya tashi bin motar tumatir zuwa Kudu, tafiyar mako guda. Kwana uku ke nan da muka gama dashen albasa, a komaye sama da ɗari, wato 'yan fangalin da ake kewayewa da kunya don su riƙe ruwa, ƙugunmu duk ya sage.

Da zai tafi ya kira ni bakin gona. Ya ce, "Jibi ruwa. Dashen nan bai kama ƙasa ba. Komi-komi za ka bi: ka buɗe ɗaya, in ya sha ka toshe, ka wuce na gaba. Kada ka bar ruwa shi kaɗai." Sannan ya nuna wani fili da haɓa. "In na dawo na tarar albasar nan ta kama, rabin ekar can ta gefen kwalbati taka ce baɗi."

Wanda bai tashi a wurinmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Saurayin da ba shi da gonar kansa, ko gemunsa ya kai ƙirji, yaron gida ne. Da rabin ekar nan ne zan iya zama cikin manya a yi maganar taki da ni, da ita ne kuma zan iya aika kawunaina inda zuciyata take. Na daɗe ina jiran Yaya ya faɗi wannan kalma. Na ce masa kada ya damu.

Washegari na je shago in yi wasana, na tarar babu sabis. Mai shagon yana kan rufi yana juya farantin kamo sabis, yana tambayar na ƙasa ko ta kawo. Ba ta kawo ba har magariba. Awa ashirin da huɗuna kuwa za su cika ne da sha biyun ranar gobe, ranar ruwa. In aka tsallake ni, mai ja zai haɗiye mai shuɗi, ya juyo kaina da ƙarfin mutum biyu.

Sai na zauna na yi abin da na fi iyawa, wato lissafi. Sau biyar ina bin Yaya ban ruwa a wannan rani, kuma ko sau ɗaya ruwa bai iso gonarmu kafin azahar ba. In ya iso ma a gajiye yake zuwa, kamar ana tsiyayo shi daga buta. Daga gona zuwa Kura a babur ɗin Yaya minti ashirin ne. Zan je da hantsi, in yi wasa, in dawo kafin ruwa. Don kuma kada wani abu ya riƙe ni, sai na ƙara wata dabara da na ji daɗinta sosai: na bi komayen nan kaf da fartanya na buɗe bakinsu, na buɗe babban bakin da ke shigo da ruwa gonar. Ko na makara, ɗan ruwan zai rarraba kansa a hankali. Na tsaya na kalli aikina na ce lallai ilimi daban ne.

A hanya na yi ta cin karo da mutane sun nufi Bunkure, wasu da kwanduna a keke, wasu suna jan awaki. Duk na san su, na yi ta ɗaga musu hannu. Har dattijon da gonarsa ke jikin tamu na gani yana ɗaure buhu a bayan kekensa. Ya ce, "Ɗan nan, ina zuwa ranar ruwa?" Na ce, "Yanzu zan dawo, Baba." Na murɗa babur na wuce.

Sabis ya dawo, amma yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Tsarina a shirye yake tun daren jiya: in ɗauki sojoji talatin in murƙushe wani ƙaramin sansanin mai ja da ke da takwas, in toshe ƙofata, in jira. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Raina ya ɓaci, na yi ta danne-danne ina tsaki. Da shafin ya buɗe, sai na ga abin da na aikata. Daga wani yankina mai sojoji goma sha ɗaya na kai hari, kuma kan babban sansaninsa mai ashirin da shida, kuma na danna wurin da ke cewa a yi ta fafatawa har sai ɗaya ya ƙare. Duk dokar da nake koya wa mai shago na karya ta a dannawa ɗaya. Na ɗora hannu a ka na ce na shiga uku.

Ɗan lido ya fara juyawa. Shida. Shida da biyar. Shida kuma. Mai ja yana ta samun ɗaya da biyu kamar an yi masa baki. Ina zaune baki buɗe sojojinsa suka yi ta zubewa, har sansanin ya faɗi, nawa biyu suka rage a tsaye. Da wannan sansani ya tafi, bayansa duk fanko ne. Na kwararo da sojojina talatin na bi shi yanki-yanki, na gama da shi, na taka mai shuɗi a hanya. Taswira ta koma kore tun daga sama har ƙasa.

Nan da nan saƙonni suka fara shigowa daga 'yan kallo. Wani ya ce bai taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Wani ya ce na karanci zuciyar abokin gabana, na buge shi ta inda bai zata ba. Shi kansa mai ja ya rubuto cewa ya sara min. Mai shago kuwa yana tsaye a bayana tun farko, ya ga hannuna a ka, ya ji abin da na ce.

"Janar," ya ce, "wannan ma lissafi ne?"

Na ce, "Tun jiya na tsara shi."

Ya dube ni, ya ce Allah ya ƙara basira, ya koma kujerarsa. Ni kuma na ƙara awa guda ina karanta yabo, ina maimaita wasu sau biyu. Ai ruwa ba ya zuwa sai azahar.

Tun daga nesa na hango gonarmu tana ƙyalli. Albasa ba ta ƙyalli. Da na matso sai na ga babu komi ko ɗaya, kunyoyin duk sun narke, gonar ta zama tafki guda. Dashen da muka yi kwana huɗu muna tsugune a kansa yana yawo a saman ruwa, wani ya taru a magudana ya yi tsibi. Dattijon nan yana cikin ruwa har gwiwa, ya naɗe rigarsa ta zuwa kasuwa, yana cusa laka a babban bakin. Dawowarsa ke nan ya tarar da abin.

Na shiga da takalmina na kama masa, muka toshe. Da muka gama sai na ce, "Baba, ka ga rashin sa'a. Ruwan da bai taɓa zuwa kafin azahar ba, sai yau."

Ya miƙe ya dube ni. "Wace sa'a? Yau kasuwar Bunkure. Na sama duk sun tafi kasuwa, wa zai tare ruwan? Duk ranar da ruwa ya faɗo a kan kasuwa, da hantsi yake isowa nan, da ƙarfinsa. Wannan ko jikata ta sani." Ya wanke hannunsa ya ƙara da cewa, "Kai ba ka gan su a hanya ba?"

Na gan su. Har gaisawa muka yi.

Kwana biyu na yi ina tsince dashe daga laka ina mayarwa. Abin da ya kama bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, irin da muka yafa kuwa ya ƙare, lokacin sake wani ya wuce. Na shirya jawabai kala-kala da zan yi wa Yaya, kowanne da hujjarsa.

Ya dawo da la'asar, ko gida bai shiga ba ya wuce gona, ina biye da shi. Ya zaga ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, hannu a baya. Ya tsuguna ya taɓa ƙasa. Labari ya riga ya kai masa tun a tasha, don haka bai tambaye ni abin da ya faru ba, jawabaina duk suka tashi a banza.

"An ce ka ci," ya ce.

"Na ci, Yaya."

"Me aka ba ka?"

"An sa min tauraro a gefen sunana."

"Tauraro." Ya gyaɗa kai a hankali. "To. Allah ya sanya albarka."

Wallahi da mari ya yi min da na fi jin daɗi. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba, kuma bai sake ambatar rabin ekar nan ba. Da baɗi ta zo ya shuka alkamarsa a wurin, ni na riƙe masa buhun iri. Sai da na yi rani uku ina bin sa komi-komi kafin ya sake barin ruwa a hannuna. Inda nake son aika kawunaina kuwa, ba su jira rani uku ba.

Har yanzu ban yarda da mai shago cewa komai sa'a ne ba. Akwai iyawa, a wasa da a gona. Sai dai a rana ɗaya, tsakanin hantsi da azahar, an yi min tafi a kan abin da ɗan lido ya yi min kyauta na karɓa ban ji kunya ba, sannan na ɗora wa sa'a laifin abin da jahilcina ya jawo. Tun daga ranar na juya tambayoyin da nake yi wa kaina. In na yi nasara, nakan fara duba ko dacewa na yi. In na faɗi, kafin in ce ƙaddara, nakan nemi dattijon da ke kusa in tambaye shi abin da kowa ya sani ni ban sani ba.